Jirgin Nuhu a Gonar Malam Badaru

Tun ranar Asabar ban ci abinci na ji daɗinsa ba. In na zauna tuƙa tuwo sai in tsinci kaina riƙe da muciya ina kallon bango, har sai ƙauri ya farkar da ni. Rabaran, babban limamin da ke kula da majami'unmu, shi ne ya yi mini wata tambaya, ya ce in kai masa amsa ranar Lahadi, na juya ta gaba na juya ta baya ban ga inda zan kama ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da rubutun nawa na wadda ta tsaya a aji shida ne, wataƙila cikin masu karantawa a samu wanda kansa ya fi nawa zama wuri ɗaya.

Sunana Tabita. Mijina Shago, amma ni Baban Obed nake ce masa. Mu mutanen wajen Makoda ne. Da bazarar nan ikilisiya ta turo mu aikin bishara wani ƙauye a bayan Kunci, ni da shi da yaranmu, Obed da Goodness. Babban aikin da aka ɗora mana shi ne taron yara na dogon hutu: yaran gidajen Kirista na unguwannin kewaye su taru a majami'a mako guda, a koya musu waƙoƙi da ayoyi, a ciyar da su. An gaya mana a fili cewa bana gwaji ne. In taro ya yi kyau mu zauna, in bai yi ba mu koma gida. Gida kuwa, gonarmu mun ba ƙanin miji aro ya riga ya shuka, ɗakina uwar miji ta zuba kaji a ciki. Ni kuma ranar da za mu taso, da bakina na ce wa matan bakin rijiya, "Sai dai ku ji labarinmu." To, ga alama za su ji.

Kafin mu taso an tura Baban Obed Jos kwas na 'yan kwanaki. Ya dawo da usur a wuya, da hula hana-salla, da magana guda: "A Jos ba haka ake yi ba." In na zuba miya, a Jos ba haka ake yi ba. In Obed ya yi shara, a Jos ba haka ake yi ba. Ni ma da yake ban taɓa wuce Zariya ba, sai na ɗauka. Har na fara gaya wa matan zumuntar coci cewa a Jos ba haka ake jera benci ba.

Abin da ba a koya masa a Jos ba shi ne dogon hutu tsakiyar damina yake faɗowa, daidai lokacin maimai, lokacin da ko yaron da bai fi fartanya tsawo ba yana da kunyar da zai nome. Ranar farko majami'a ta cika. Baban Obed ya jera yara a rana yana hura usur, dama hagu, dama hagu, har wata yarinya ta tambaye ni ko aikin soja aka kawo su. Washegari rabi suka zo. Zuwa Laraba yaran sun gane lokacin da nake sauke dafa-duka. Sai su ɓullo daga gonaki da fartanyoyinsu, su ci, su yi mini waƙa ɗaya don kunya, su koma.

Ga shi Rabaran zai zo ranar Asabar rufe taro, ya ga abin da muka yi da idonsa.

"Baban Obed," na ce masa, "ko mu mayar da taron da yamma, bayan an taso daga gona?"

"Ke Tabita, matsalarki ƙaramin tunani. Yaro ba ya son magana, yaro gani yake so. Ranar Asabar za mu yi jirgin Nuhu."

"A zana a allo?"

"A allo? Jirgi sosai. Da dabbobi masu rai, biyu-biyu, mace da namiji. Rabaran zai koma yana ba da labarina har hedikwata."

Na ce masa ai an yi shela. Wanda ba ɗan ƙauye ba sai in yi masa bayani. A nan gona na manne da gona, gida na manne da gona. Da zarar an yi shuka sankira yake zaga gari ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa, kuma daga ranar akuya da tunkiya da jaki suna turke har sai an kawar da amfanin gona. Dabbar da aka kama a gonar wani, gidan Mai Unguwa ake kai ta, mai ita ya je ya sha kunya kafin ya karɓo. Tun ina yarinya haka na sani, shi ma haka ya sani, don ubansa ya taɓa zane shi a kan tunkiya.

"Shela ta gona ce," in ji shi. "Mu a filin majami'a za mu yi. Ni da na sarrafa manyan mutane a Jos, akuya ce za ta gagare ni?"

Baba Nomau, dattijon ikilisiyar, tsoho mai magana a hankali, ya ji labari ya zo da sandarsa.

"Malam Shago, na ji za ka zama Annabi Nuhu. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa son a kwaikwayi Annabi, mu kuma shekara da shekaru muna zaune lafiya da su."

"Baba, wa ya ce ni ne Nuhu? Nuhu yana ciki, ba a ganinsa. Ni kwandastan jirgin ne. Lodi kawai zan yi."

Baba Nomau ya dube shi. "A Littafin da na karanta ban ga kwandasta ba."

"Ba komai aka rubuta ba, Baba."

Tsoho ya juya ya tafi yana girgiza kai, Baban Obed ya ce mini kin ga ya gamsu.

Filin majami'armu yana jingine da gonar gyaɗar Malam Badaru, maƙwabcinmu. Mutumin kirki ne, shi ya ba mu aron tukunyar da nake dafa wa yara abinci, matarsa Barira kuma tun zuwanmu take aiko mini da kuka da daddawa. Tsakanin filin da gonar akwai dangar kara mai tsawo. Baban Obed ya je ya aro amalanken Malam Badaru, ya ce kaya zai ɗora. Malam Badaru ya ba shi amalanke amma ya riƙe shanunsa, Allah ya yi masa albarka da wannan. Aka turo ta filin majami'a. Saura abin da za a yi bangon jirgi da shi. Kara kuwa da damina ya fi nama wuyar samu.

Na fito daga madafa na tarar da shi da Obed suna tuge danga.

"Baban Obed, wannan ce fa ta raba mu da gyaɗar mutane."

"Aro na yi. Ana gamawa zan mayar. Gyaɗa ai ba gudu take ba."

Gaskiya ne, gyaɗa ba ta gudu. Na tsaya ina tunanin a ina maganar ta karkace, kafin in gano har sun ɗaure kara a jikin amalanke, sun rufa da buhunan taki. Abin ya fito kamar rumbun da iska ta kayar. Da na ga matan zumunta sun tsaya kallo, sai na ji bakina yana cewa, "Irin na Jos ne."

Baban Obed ya tara 'yan yaran da suka rage ya ce ranar Asabar kowa ya zo da dabbar gidansu. Labari ya zaga unguwanni. Yaran da ba mu sake gani ba tun Litinin suka aiko a tambaya ko kare ma dabba ne. Ni aka tura aron agwagi wurin Barira.

"Maman Obed, me za ku yi da agwagwa a coci?"

"Wasa ne na yara, Inna Barira. Jirgi za su shiga."

"Agwagwa da ta iya ruwa, me za ta yi da jirgi?"

Ta ba ni dai, tana dariya, ta ce za ta leƙo ta kan katanga.

Ni ma an ba ni aiki. Ni ce tsawa. Baban Obed ya jingina fallen kwanon rufi a bayan jirgi, ya ce idan ya hura usur sau biyu in buga da muciya, don a ji ruwan tufana na tafe. Na yi gwaji ranar Juma'a, ya ce tsawata ba ta da rai, kamar mai kiran kaji. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce to, gobe zai ji.

Asabar ta zo da hadari a gabas. Iyaye suka cika benci, har da waɗanda suka bar gona don su ga abin da ya sa 'ya'yansu suka tashi tun asuba suna wanke awaki. Rabaran ya sauka daga babur, mutum mai jiki, cikin farar riga, aka ba shi kujera a gaba. Yara kuwa, ban taɓa ganin yawansu haka ba. Kowa riƙe da igiya. Awaki, tumaki, raguna, jakuna biyu, kaji a hammata, agwagin Barira a kwando. Wani ya zo da bushiya a tsohon kwano. Na ji wata mata a benci tana cewa, "Waccan ba jar akuyata ba ce?" Ashe ba duka yaran ne suka nemi izini ba.

Rabaran ya dubi taron ya gyaɗa kai. Na ga ya ji daɗi. A raina na fara shirya yadda zan ba matan Makoda labari.

Baban Obed ya hau gindin amalanke, hula a karkace, usur a baki. Ya yi jawabi a kan yadda ake yi a Jos. Aka yi waƙa. Sannan ya dubi layin dabbobi ya ɓata fuska.

"Mene ne wannan igiyoyi? A ina aka rubuta cewa da igiya suka shiga? Da biyayya suka shiga. Kowa ya kwance."

Baba Nomau ya ɗaga sanda daga benci. "Malam Shago, dabbobin nan tun shuka suke turke."

"Baba, zauna ka ga aiki."

Yara suka kwance. Abin mamaki, da farko ba abin da ya motsa. Dabbar da ta daɗe a ɗaure ba ta yarda da wuri cewa an sake ta ba. Suka tsaya suna kallon juna. Baban Obed ya juyo ya yi wa Rabaran murmushi, ya buɗe hannu kamar ɗan kamasho a tasha.

"Jirgi, jirgi, saura wuri. Raguna a gaba, kaji a sama."

Ya hura usur sau biyu.

Ni ina bayan jirgi ban ga komai ba, abin da na sani kawai an ce tsawata ba ta da rai. Na ɗaga muciya da hannu biyu na sauke wa kwanon nan duk ƙarfin da na tara a shekarun daka. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Ni kaina sai da kunnena ya toshe.

Da na leƙo don in ga ko ya yaba, jaki ɗaya ya riga ya tsallake benci na biyu. Ɗayan ya tsaya a gaban Rabaran yana kuka da dukan cikinsa. Awaki kuwa, da suka zabura suka juya, sai idonsu ya faɗa kan inda danga take a da. Ga gyaɗar Malam Badaru shimfiɗe, kore shar, ta rufe kunya, ba ko tsinke a tsakani. Ban taɓa ganin dabbobi sun yi shawara da sauri haka ba. Suka shiga, kuma don Allah biyu-biyu suka shiga, kamar yadda aka so.

"Ba nan ba ne," Baban Obed yana ihu yana hura usur. "Nan ne jirgi. Obed, gaya musu nan ne."

Rago ɗaya ne ya amsa kira, wani ƙato mai ƙaho na gidan Baba Nomau. Ya ja da baya, ya auna, ya taho. Baban Obed ya ga abin da ke tafe ya faɗa cikin jirgi da baya. Amalanke mai ƙafa biyu ce, ba shanu a gaba, ga nauyi ya koma gefe guda. Ta ɗaga hanci sama, ta gangara a hankali, ta kife cikin kwatar da ruwan majami'a ke bi. Kara da buhuna suka rufe shi. Usur kawai ake ji daga ciki.

Sai yara suka bi dabbobinsu cikin gona. Abin da awaki suka ci kaɗan ne a kan abin da ƙafafun yara suka tattake. Iyaye suka bi yara. Rabaran, bawan Allah, ya tattare farar rigarsa ya shiga shi ma, ya kama wata akuya ta ƙafar baya, ta ja shi ya zauna daɓas a kan kunya. A daidai nan hadarin da ke gabas ya iso, aka yi tsawa ta gaskiya, wadda ba ta kai tawa ba, ruwa ya sauko. Agwagin Barira suka fito daga kwando suka sauka kwata, suna iyo a gefen jirgi.

Barira na kan katanga, ta lulluɓe kai da buhu. "Maman Obed, ai na gaya miki ba sa buƙata."

Na duba hannuna, har yanzu muciya na riƙe.

Malam Badaru ya taho daga ɗaya gonarsa da fartanya a kafaɗa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya ya dubi gyaɗarsa, ya dubi inda danga take, ya dubi amalankensa ƙafa a sama. Ya durƙusa ya ɗaga buhu ɗaya.

"Malam Shago, kana ciki?"

"Ina ciki, Malam Badaru. Sannu da aiki."

"Wannan ne kayan da ka ce za ka ɗora?"

Kafin la'asar duk dabbobin suna gidan Mai Unguwa Hashimu, kamar yadda doka ta ce, har da bushiya, don yaron da ya kawo ta ya ƙi yarda a bar ta a baya. Masu dabbobi suka cika ƙofar gida, Kirista da Musulmi, kowa a jiƙe. Baban Obed ya tsaya a tsakiya, laka tun daga hula har takalmi, ganyen kara a kunne.

Mai Unguwa ya ce, "Malam Shago, ka ji shela ko ba ka ji ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Amma wannan koyarwa ce. A Jos..."

"A Jos a gonar wa aka yi?"

"A majigi aka nuna mana."

Ni ma ranar na fara jin haka. Majigi. Na tuna bakina da "irin na Jos ne", na ja gyale na rufe fuska.

Malam Badaru ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, mu ma mun san labarin Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Abin da muka sani, tattara dabbobi ya yi ya shigar. Malam Shago ne na farko da na ga ya tattara ya saki."

"Ni ba Nuhu ba ne, kwandasta ne."

"To kwandasta, motarka ta tashi ba fasinja."

"Laifin tsawa ne," in ji Baban Obed. "An buga fiye da yadda na ce."

Duk idanu suka juyo kaina. Na ce, "Kai ka ce ba ta da rai."

Barira ta ce, "Yanzu kam ta yi rai. Har ƙishin ruwa na ji ya tafi."

Mai Unguwa ya danne dariya da gefen rawani. Ya yanke cewa ba za a ɗora wa masu dabbobi komai ba, tunda ba su suka kwance ba. Danga a mayar kafin rana ta faɗi. In kaka ta yi, gidanmu ne za su cire wa Malam Badaru abin da ya rage na gyaɗa, su kuma cike masa gurbin abin da ya lalace daga hatsin da ikilisiya ke ba mu. Malam Badaru ya ce ya yarda, amma a bar masa usur ɗin a wurinsa ajiya. Baban Obed ya cire ya miƙa kamar wanda ake karɓe wa sarauta.

Da aka watse Rabaran ya kira ni gefe, yana matse bakin rigarsa.

"Maman Obed, na yi magana da dattawa. Rabinsu sun ce ku tattara ku koma Makoda. Rabi sun ce ba a taɓa tara yara haka a majami'ar nan ba, kuma yanzu ko yaron goye ya san labarin Nuhu. Sun tsaya a kan abu ɗaya. Maganar mijinki ba za su karɓa ba. Taki za su karɓa. In kin tsaya gaban ikilisiya ranar Lahadi ta sama kin ce kin ɗauki alkawari ba zai sake irin wannan ba, za ku zauna. In kin ce ba za ki iya ba, ba wanda zai ga laifinki, sai a nemo mota."

Na ce masa zan yi addu'a.

Ina ta yi kuwa. Na so in ce na ɗauka, don yaran nan sun shiga raina, jiya ma wasu suka biyo ni rijiya suna kirana Mama Tsawa. Obed da Goodness sun saba da makarantar nan. Makoda kuma ba gona, ba ɗaki, sai matan bakin rijiya. Baban Obed ya mayar da danga da hannunsa, ya yi kwana biyu ba ya haɗa ido da kowa, har na fara cewa ya yi hankali.

Shekaranjiya da hantsi na fita neman ganyen rama, na hango shi a bakin kududdufin bayan gari, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana zura doguwar gora cikin ruwa yana duba inda ta jiƙe.

"Baban Obed, me kake aunawa?"

"Ba komai. Tabita, yaran nan a ganinki nawa ne suka iya ruwa?"

"Don me?"

"Tunani kawai nake. Baɗi in Allah ya kai mu, ƙetare Bahar Maliya ba ya buƙatar dabba ko ɗaya. Sai dai dawakin Fir'auna, su kuma jakuna ma sun isa."

To jama'a, ga inda nake. Jibi Lahadi. In na tashi gaban ikilisiya na ce na ɗauki alkawari, na yi ƙarya a ɗakin Ubangiji, don na ga gorar da idona. In na ce ba zan iya ba, na kwashe 'ya'yana na mayar da su ɗakin kaji. Ku da kuka fi ni karatu, ku gaya mini: in tashi in ce me?